Zobban da Ba a Dawo Karɓa Ba

Mahaifina maƙerin fari ne a Wurno. Bai taɓa ƙera fartanya ko lauje ba. Aikinsa azurfa da tagulla, zobe da munduwa da 'yan kunne. Maƙerarsa wani ɗan shago ne manne da zaurenmu, ƙofarsa babba tana kallon titi, ƙarama kuma tana buɗewa cikin gida, an rataya mata tsohon asabari da hayaƙi ya rine.

Akwai wani aiki da yake yi wa mata wanda ba shi da suna. Idan ciki ya tsufa, wata macen yatsunta kan kumbura har zoben aurenta ya nutse cikin nama. A gwada sabulu, a gwada man gyaɗa, a naɗa zare a ja. In duk ya ƙi, sai a zo gidanmu. Matar aure ba ta zama gaban namijin da ba nata ba, balle da ciki a gaba, don haka cikin gida take shigowa ta gaisa da Inna, a shimfiɗa mata tabarma a bakin ƙaramar ƙofar, ta zura hannu ta gefen asabari. Baba yana can ɗaya gefen. Hannu kaɗai yake gani. Ya cusa wani siririn ƙarfe ƙarƙashin zoben don kada ya ji mata ciwo, ya goga da magagari a hankali har ya yanke, ya buɗe shi da awartaki. Ba ya tambayar ko wace ce, ita ma ba ta cewa uffan.

Ba a tafiya da zoben. Akwai wata wayar ƙarfe da ke rataye a ƙusa sama da uwar maƙera, nan yake zura shi. Daga cikin gida mukan ji ƙarar gangarawarsa har ya faɗa kan 'yan'uwansa, ƙil. Idan matar ta haihu, ta yi arba'in, hannu ya saɓe, sai ta dawo ta sake zuro hannun, ya gwada mata, ya liƙe, ta tafi da abinta. Ba a aiko miji ko uwa karɓa, domin a kan yatsan mai shi ake gwadawa. Inna ce ta san wane zobe na wace ce.

Ni kuwa aikina riƙe wuyan hannun matar don kada ta motsa magagari ya zame. Tun ina 'yar shekara goma sha uku nake yi. Ashe ni kaɗai ce a gidan nake zama dab da fuskokinsu, ina kallo.

A shekarun nan ba abin da ke cikin kaina sai littattafan soyayya. Haya nake karɓowa ranar kasuwa, in ɓoye cikin rigar matashin kai, in karanta har bangonsu ya yi laushi kamar ganyen rama. Duk abin da idona ya gani sai na mayar da shi labari. Zobban kan wayar ma ban bar su ba. Zobban sama suna zuwa suna tafiya, amma akwai waɗanda suka daɗe a ƙasa har suka yi baƙi, ba wanda ya zo nemansu. Na taɓa tambayar Inna, ta ce, "Ba su samu zuwa ba," ta ci gaba da tankaɗe. Sai na ƙarasa da kaina. Wannan mai ɗan dutse ja, mijinta ya sayo mata na zinari daga Makka, me za ta yi da azurfa? Wancan siririn, attajiri ya ɗauke ta zuwa birni, tana can a gidan sama. Kowace na ba ta miji kyakkyawa da ƙarshe mai daɗi.

Da azahar Baba yakan rufe babbar ƙofa ya tafi masallaci. Garwashi ya kwanta, gari ya yi tsit, ko akuya ba ta kuka. A wannan lokacin, wata rana, wayar takan yi ƙara ita kaɗai. Ba da ƙarfi ba, kamar mace ta gyara kwanciya da awarwaro a hannu. Inna ta ce zafin wuta ne ke tashi ya kaɗa ta. Amma ita ɗin ce ta hana ni shiga maƙera da rana tsaka, kuma ban taɓa ganin ta shiga ba.

Ina da taubashiya, ɗiyar Gwaggo ƙanwar Baba. Ta girme ni da shekara biyu. Tun muna ƙanana kowace ke cewa ɗayar baiwarta ce, har girma bai raba mu da wannan gardamar ba. Ta auri wani manomin tafarnuwa a Kwargaba, auren so, kuma ni ce na rubuta mata duk wasiƙun da ta aika masa. Kalaman da nake tsinta a littattafai nake zuba masa, bawan Allah yana can yana zaton daga zuciyarta suke fitowa. Baba ne ya ƙera zoben aurenta, silin azurfa biyu da aka murɗe su wuri ɗaya.

Cikin bazara mijin ya kawo ta a bayan babur, cikinta wata takwas. Da ta yaye mayafi sai da na ce kai. Fuskarta ta cika ta yi sumul, tana sheƙi kamar an shafa mata man shanu, idanunta sun shige ciki. Matan gidan suka yi ta yaba ta.

"Ma sha Allah, ciki ya karɓe ki."

"Wanga namiji na. Namiji ka cika uwa haka."

Na zauna kusa da ita a tabarma, na kama wuyan hannunta, ta zura shi ta asabari. Muna jin gugar magagari, muka koma raɗa don kada Baba ya ji.

"Baiwata," in ji ni, "mi yaka ba ki can Kwargaba? Tafarnuwa ka sa ƙiba haka?"

"Rufe min baki, baiwar banza. Kaina ka ciwo, kwana huɗu ke nan, kamar an ɗaure shi da igiyar guga."

"Tunanin mai tafarnuwa na."

"Kuma ina ganin wani abu." Ta ɗaga ɗayan hannun tana kama iska. "Ƙyalƙyali. Kamar tartsatsin maƙerar Kawu. Ga su nan ma yanzu, ba ki gani?"

Na duba. Ba komai sai bangon ƙasa da rana.

Har yau ina iya jin muryata a lokacin, yadda na kwantar da ita kamar mai karanta shafin ƙarshe. Na ce mata ai na sha karantawa, mace in son mijinta ya cika mata zuciya takan ga taurari da rana tsaka. Ta yi dariya har asabarin ya motsa, Baba ya yi gyaran murya. Muka ji ƙil, zoben ya faɗa kan waya.

Da na saki hannunta sai na ga shaidar yatsuna huɗu sun zauna a naman, ramuka, kamar na danna ƙullu. Ba su cike ba. Na nuna mata na ce, "Ga hatimina nan, kowa ya gani ya san tawa ce ke." Ta kai mini duka da gefen mayafi. Har ta hau babur ramukan suna nan.

Bayan kwana tara aka aiko. Abin da Gwaggo ta ba mu labari daga baya shi ne, da rana tsaka tana sheƙar gero a tsakar gida sai ta faɗi, jikinta ya kama jijjiga, ta tauna harshe. Kowa a gidan ya san mene ne wannan: iska ce, ta bi ta gindin tsamiyar bakin fadama. Aka yi hayaƙi, aka yi tofi, aka danne ta. Ta lafa, ta sake tashi. Haka har la'asar sakaliya. Sannan aka nemo mota. Ba su kai bakin kwalta ba ta cika, da abin da ke cikinta.

Na yi kuka har muryata ta dushe. Amma ban gane komai ba. Na yarda iska ce, domin a littattafan ma akwai aljani mai son kyakkyawar mace ya ɗauke ta. Na ma zauna na tsara labarin a raina, na ba aljanin fada a ƙarƙashin ruwan gulbi. Wannan ne abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu. Zoben mai murɗi biyu ya zauna a waya, sababbi suna faɗowa a kansa suna tafiya, shi yana yin baƙi.

Bayan shekara huɗu aka yi aurena da wani tela a Giyawa. Ba irin mazan littafi ba ne, ba ya iya doguwar magana, amma yakan ajiye mini ƙyallaye masu kyau ya ce ko zan yi wani abu da su. Da na samu ciki ban je awo ba. Ba wanda ya hana ni. Cikin fari ne, kuma cikin fari ɓoye shi ake yi, ko uwar mijina da muke cin tuwo kwano ɗaya ba mu taɓa zancensa da ita ba. Ta yaya zan hau babur in ratsa gari kowa ya san inda za ni? Da ya shiga wata bakwai aka kai ni gida Wurno goyon ciki, kamar yadda ake yi.

Gwaggo tana gidanmu a lokacin. Tun rasuwar ɗiyarta ta fi zama wajenmu, kuma ta ɗauke ni ta sa a gurbin wadda ta rasa. Ita ke dama mini kunu, ita ke karɓo mini rubutu kowace safiya, ta tsaya a kaina sai na shanye. Ba ta barina in leƙa ko zaure idan rana ta take.

Sai zoben aurena ya fara matse ni. Da farko da safe kawai, daga baya ya ƙi juyawa sam. Takalmina ya daina shiga. Maƙwabta suka shigo suna yaba ni, ciki ya karɓe ni, namiji ne. Na duba madubi na ga wata mace mai sheƙi, na ji daɗi. Kaina yana ciwo, na ce zafi ne.

Ranar wata Talata da hantsi Inna ta shimfiɗa mini tabarma a bakin ƙaramar ƙofar. Wurin da na zaunar da mata shekara da shekaru, yau ni ce a kai. Inna ta riƙe wuyan hannuna, na zura.

Ni ɗiyar fari ce. Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa zama ya yi hira da ni ba. In yana son ruwa sai ya ce wa bango, "A kawo ruwa," ni kuma in kawo. Ban taɓa jin haushin wannan ba, haka ake yi. Zoben da ke hannuna shi ya ƙera, ya ba Inna ta ba ni.

Na ji yatsunsa masu kaushi sun kama nawa. Na jira gugar magagari, ban ji ba. Inna ta ɗago kai ta dubi asabarin. Sai na ji ya ɗora babban yatsansa a bayan hannuna, ya danna, ya ɗaga. Ya daɗe bai motsa ba. Sannan ya fara guga, a hankali fiye da yadda na saba ji.

Zoben ya buɗe, jini ya koma yatsan da zafi. Na kasa kunne ina jiran ƙil. Ban ji ba. Sai na ji ya juya hannuna, ya ajiye zoben a tafina, ya naɗe yatsuna a kansa, ya riƙe dunƙulen da hannu biyu. Tun da nake, bai taɓa riƙe hannuna ba.

Ya yi magana, ba da ni ba, da Inna.

"Ki ce ma mai hannun ga, wayar ta cika. Babu wuri."

Muka ji ya tashi, ya ja babbar ƙofa, ya fita, alhali ko kiran salla ba a yi ba.

Inna ta saki hannuna. Shaidar yatsunta huɗu tana nan a wuyan hannun, ga kuma ramin babban yatsan Baba a baya. Na zauna ina kallonsu ina jira su cike. Gwaggo tana daga bakin madafa, ta ce, "Mi yac ce? Shi kuma yaya, tsuhwa ta hwara taɓa shi. Wayar da ko rabi ba ta kai ba."

Gaskiyarta, wayar ba ta kai rabi ba.

Na koma ɗaki na kwanta da zoben a hannu. Aka kira azahar, titi ya ɗauke ƙafa. Ina kwance na ji ta, wayar, tana 'yar ƙararta. Na tashi. Ban san abin da ya tashe ni ba. Na ɗaga asabarin na shiga maƙera da rana tsaka, karo na farko a rayuwata. Ɗakin duhu, sai zaren haske ɗaya da ya ratso ta tsagin ƙofa. Garwashi ya mutu murus, na sa hannu a kai ban ji ɗumi ba. Wayar tana rataye tsaye, ba ta motsi. Na sauke ta daga ƙusa. Ta fi yadda na zata nauyi.

Na kai wa Inna har ɗakinta, na zube zobban a kan tabarmar sallarta. Na ware masu haske gefe, na bar baƙaƙen. Sun fi yawan yatsun hannu biyu.

"Inna, wanga na wa?"

"Mai da su inda kika ɗauko."

"Mai jan dutsen ga. Na wa na?"

Ta daɗe tana kallonsa. "Matar mai gyaran rediyo ta bayan kasuwa. Allah shi ji ƙanta."

"Wurin haihuwa?"

Na ɗauki siririn, wanda na kai birni na ajiye a gidan sama.

"Wata 'yar Hulani daga wajen Rabah. Allah shi ji ƙanta."

Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Biyu daga ciki masu su suna raye, ɗaya an sake ta ta koma garinsu, ɗaya ta bi miji kudu. Sauran duk addu'a ɗaya Inna take yi musu. Kuma duk wadda ta ambata sai fuskarta ta dawo mini, domin ni ce na riƙe hannunta. Matar mai rediyo, fuska cike tana sheƙi, tana runtse ido don hasken rana na damunta. 'Yar Fulanin, wadda aka yi ta mamakin yadda siririyar mace ta yi kumatu. Akwai matan da yatsunsu kawai suka kumbura, fuskarsu tana nan yadda take, waɗannan sun dawo sun karɓi zobbansu. Masu sheƙin nan ne, waɗanda muka fi yabawa, su ne a kan tabarmar.

Baba ya san zobban da ba a dawo karɓa ba, amma bai taɓa ganin fuska ba. Ni na ga fuskokin, ina can ina aurar da su ga attajirai. Inna ta san sunaye da ranakun zaman makoki. Mu uku a gida ɗaya, asabari kawai a tsakani, kuma kunya ba ta taɓa barinmu mun haɗa zancen ba.

Na ɗauki mai murɗi biyu. Ban tambaya ba. Ina riƙe da shi sai na ga tartsatsi ya tashi daga gefen idona na dama, ƙanana, farare, suna iyo a hankali zuwa bango. Na juya ina neman inda wuta take. Babu wuta. Na ɗaga hannu zan kama ɗaya, sai na ga hannun nawa a sama, a buɗe, daidai yadda taubashiyata ta ɗaga nata.

Ba ki gani? Haka ta ce mini.

Na miƙe na jawo mayafi.

"Ina za ki?" in ji Inna.

"Asibiti."

Gwaggo ta riga ni bakin zaure. Ta ware hannuwa ta tare ƙofa, tsohuwar da ko tulu ba ta iya ɗauka.

"Rana tsaka? Da ciki? Ke ɗiyag ga, kin san ko su wa ka yawo yanzu? Koma ki kwanta in yi miki hayaƙi."

"Gwaggo, ina ganin abin da ɗiyarki tag gani."

"To shi ya sa! Sun biyo ki. Kak ki hita su same ki a hili. Asibiti? Tawa lahiya lau tana numfashi cikin ɗakinta, sai da anka ce asibiti anka sa ta mota. Wa kika gani an ɗauka zuwa can da ciki ta dawo da ƙahwahunta? Yanka ki za su yi. Maza na can, su tuɓe ki. Ɗiyar hwari da cikin hwari, ina kunyarki?"

Ba ƙarya take yi ba. Duk matan da muka sani an kai asibiti, sai da aka gama komai a gida aka kai su, kuma gawarsu ce ke dawowa. A idon Gwaggo hanyar ce ke cinye su. Ni ma da safiyar ranar haka na yarda.

Inna ta ce daga bayana, a hankali, "Mijinki bai sani ba."

"Ki kira shi ki ce mai na tahi. In ya yi hushi, ya same ni da rai ya yi."

Na kama hannun Gwaggo na buɗe tafinta, na sa mata zoben ɗiyarta. Ta dube shi. Hannun da ta tare ƙofa da shi ya sauka da kansa. Na raɓa ta gefenta na fita.

Ban taɓa ganin Wurno haka ba. Rana ta wanke komai ya yi fari, ba inuwa ko ta tsinke, ƙofofi a rufe, ba ɗan kabu-kabu ko ɗaya a bakin hanya. Buhunan albasa jere a gindin bango ba mai tsaro. Ƙafafuna cikin silifas ɗin Inna, kowane taku sai na ji shi a tsakiyar kaina. Tartsatsin yana tafe tare da ni.

Na wuce rijiyar unguwa sai na ji ƙara a bayana. Ƙil. Na ci gaba. Ƙil, ƙil, daidai da takuna. In na tsaya ta tsaya. Tun muna yara an gaya mana, in ka ji abu na bin ka da rana tsaka kada ka waiwaya. Ban waiwaya ba. Na riƙe yankakken zobena har ya huda mini tafi, ina karanta duk abin da ya zo bakina. A raina na ce, in ku ne, masu zobban nan, ku raka ni, kada ku riƙe ni.

Sai a ƙofar asibiti na juya. Baba ne, can nesa kamar taku talatin, da rigar aikinsa mai ƙunar tartsatsi, ya tsaya yana kallon wani bango kamar shi ya fito dubawa. Hannunsa ba komai. Zobban kuma na bar su a tabarmar Inna. Ban taɓa tambayarsa abin da ke ƙara ba, shi ma bai taɓa cewa ya bi ni ba.

Malamar asibitin tana cin abinci na shiga. Ta dube ni sau ɗaya ta rufe kwanon. Ta naɗa mini abin awon jini a dantse, ta matsa, ta duba. Ta kwance ta sake naɗawa a ɗayan hannun.

"Kanki na ciwo?"

"Yana yi."

"Kina ganin wani abu na gilmawa?"

"Taurari," na ce, sai kunya ta kama ni.

Ba ta yi dariya ba. Ta ƙwala wa wata kira. Aka kwantar da ni, aka yi mini wata allura da na ji kamar an zuba mini garwashi a jijiya, aka ce ita ce za ta tare jijjigar da ke tafe. Ta ce jinina ne ya hau, irin hawan da ciki ke kawowa, kuma kumburin fuskar da ciwon kan da ƙyalƙyalin duk saƙonsa ne. Kafin la'asar muna cikin mota zuwa babban asibiti a birni, Inna a gefena. Mijina ya iske mu can, zare duk a rigarsa, bai ce komai ba sai "Sannu," ya maimaita ya fi sau goma.

Gwaggo ta yi gaskiya a abu ɗaya, an yanka ni. Washegari aka ciro yarinya 'yar mitsitsiya, kamar ɗan kyanwa, ba namiji ba. Mun daɗe a can kafin a sallame mu. Yau tana aji uku, bakinta ya fi na kowa a gidan.

Da na yi arba'in na zauna a tabarma na zura hannu ta asabari, da zoben a tafina. Baba ya karɓa, ya gwada, na ji zuga-zugi yana numfashi. Ya liƙe ya sa mini. Wurin liƙin ya bar ɗan tudu, ina jin sa da babban yatsa har yanzu.

Daga nan ya ce wa Inna, duk hannun da ya zo, a tambayi mai shi ko ta je awo, in ba ta je ba shi ba ya yankewa. Wasu sun je. Wasu sun ji haushi, suka ce maƙeri ya zama likita, suka koma wurin wani a kasuwa, ko miji ya datse da filaya a gida. Hannayen suka yi ta raguwa har suka daina zuwa. Ban san ko mun ceci wasu ba ne, ko kuwa kawai mun daina ganinsu.

Gwaggo har ta rasu tana cewa rubutun da ta ba ni da safiyar nan ne ya yi aiki, ni kuma ban taɓa musa mata ba. Zoben ɗiyarta kwana ɗaya ya yi a hannunta. Da kanta ta shiga maƙera ta mayar da shi kan waya, ta ce ba ita ke da shi ba.

Da Baba ya rasu aka raba kayan aikinsa, ba wanda ya so wayar. Tana nan Giyawa, a ƙusa, bayan ƙofar ɗakina, sama da akwatin tsofaffin littattafaina. Babu wuta kusa da ita. Wata rana da azahar, in gida ya yi shiru, takan yi 'yar ƙararta. Ba na tsorata kuma. Sai in ajiye abin da nake yi, in yafa mayafi, in leƙa gidajen da na san akwai mai ciki. In mun gaisa nakan riƙe hannunta fiye da yadda gaisuwa ke bukata, in danna babban yatsana a bayansa, muna hira, ina satar kallon wurin ina jira ya cike.